Daga Faris zuwa Lockhart: Yadda Doka ta Cim ma Matuƙan Balan-balan

Dokar sufurin sama ta farko da masana shari'a suka saba ambata ta girmi jirgin sama da shekara 119. An fitar da ita a birnin Faris ranar 23 ga Afrilu, 1784, da sa hannun shugaban 'yan sandan birnin, Jean-Charles-Pierre Lenoir, kuma balan-balan ta nufa. Ba a cika shekara guda ba ke nan da 'yan'uwan nan biyu masu sana'ar takarda a garin Annonay, Joseph da Étienne Montgolfier, suka nuna wa jama'a cewa idan aka hura wuta a bakin wata ƙatuwar jaka ta yadi da takarda, sai ta kumbura ta tashi sama. Su a zatonsu hayaƙi ne ke ɗaga ta. Daga baya aka tabbatar cewa iskar da ta yi zafi ce, domin ta fi ta waje rashin nauyi. A watan Satumba na 1783 aka ɗora tunkiya da agwagwa da zakara a kwando aka tashe su a gaban Sarki Louis na 16 a Versailles, suka sauko da ransu. Ranar 21 ga Nuwamba kuma Pilâtre de Rozier da Marquis d'Arlandes suka zama mutanen farko da suka ratsa sararin Faris ba igiya a ɗaure da su.

Abin ya zama yayi. Kowa na ɗinka ƙaramar jakarsa ta takarda, ya rataya mata ɗan kasko mai cin wuta, ya sake ta, ita kuwa ta je ta sauka a kan rufin wani. Wannan shi ne damuwar Lenoir. Umarninsa ya haramta tashin balan-balan mai ɗauke da irin wannan wuta, ya kuma ce sauran ma sai da izini, izinin da ba za a bai wa kowa ba sai wanda aka san ƙwarewarsa. Tsoron nasa yana da tushe: a watan Mayu na 1785 wani balan-balan ya faɗa garin Tullamore na ƙasar Ailan, gobarar da ya tayar ta cinye gidaje kimanin ɗari.

Wanda dokar ta fara karewa, ke nan, shi ne na ƙasa: mai gida, mai gona, mai rumbu. Na cikin kwando an bar shi da zaɓinsa. Kotuna ma haka suka kalli al'amarin. A 1822 wata kotu a New York ta yanke hukunci a shari'ar da ɗaliban lauya a Amurka ke karantawa har yau, tsakanin Guille da Swan. Guille ya tashi a balan-balan, iska ta kai shi lambun Swan, ya yi ihun neman agaji, jama'a suka tsallako shinge don su cece shi, suka tattake kayan lambu da furanni. Ya ce ɓarnar da ya yi da kansa kaɗan ce, sauran taron ne suka yi. Kotu ta ce wanda ya hau abin da ba ya iya sarrafa inda zai sauka ya san zai iya jawo taro, don haka shi zai biya duka, dala 90.

Yaƙi ya ƙara wata tambaya. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Faris ƙawanya a 1870 zuwa 1871, balan-balan sama da sittin masu tashi da gas suka fita daga birnin da wasiƙu da mutane, ciki har da minista Léon Gambetta. Bismarck ya yi barazanar ɗaukar duk matuƙin da aka kama a matsayin ɗan leƙen asiri. Sai a tarurrukan ƙasashe na baya, na Brussels a 1874 da na Hague a 1899, aka rubuta cewa mai kai saƙo ta balan-balan ba ɗan leƙen asiri ba ne. A duk wannan ƙarni, ana yanke wa matuƙa hukunci ne ba tare da wata ƙungiya tasu a teburin ba.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya sauya wannan. An kafa ƙungiyar masu sha'awar tashi sama ta Faransa a 1898, ta Birtaniya a 1901, ta Amurka a 1905, kuma a Oktoban 1905 ɗin aka haɗa su ƙarƙashin inuwa guda a Faris, wato tarayyar wasannin sama ta duniya da ake kira FAI. Akasarin waɗanda suka kafa su masu balan-balan ne, attajirai kuma: ta Birtaniya ta samo asali ne daga wata tafiya a kwando da Frank Hedges Butler da 'yarsa Vera da Charles Rolls, na kamfanin motocin Rolls-Royce, suka yi. Waɗannan ƙungiyoyi su ne suka fara jarraba matuƙa suna ba su takardar shaida, tun gwamnatoci ba su san yadda ake yi ba. A Amurka, sai bayan dokar sufurin sama ta 1926 gwamnatin tarayya ta fara ba da lasisin tuƙi. Shekaru kusan ashirin kafin nan, ƙungiya ce hukuma.

Daga wannan zamani matuƙan balan-balan suka gaji wani ra'ayi da bai bar su ba har yau: cewa su suka fi kowa sanin sana'arsu, kuma su suka fi cancanta su tsare ta. Ra'ayin yana da gaskiyarsa. Sai dai an gina shi ne a lokacin da duk wanda ke cikin kwando abokin matuƙi ne, ya san shi, ya san haɗarin.

Balan-balan ya sake jawo doka sau ɗaya kafin ya koma gefe. A 1908 wasu balan-balan na Jamus, da yawansu ɗauke da hafsoshin soja, suka riƙa tsallake iyaka suna sauka a Faransa. Gwamnatin Faransa ta kira taron ƙasashen Turai a 1910 don a tsayar da wa ke da iko da sararin da ke bisa ƙasa. Taron ya watse ba yarjejeniya, aka jira har bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda yarjejeniyar Faris ta 1919 ta ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da samanta. A lokacin jirgi mai inji ya riga ya ƙwace fagen. Duk abin da aka rubuta daga nan, har zuwa yarjejeniyar Chicago ta 1944 da ta haifar da hukumar ICAO, da jirgi a zuciya aka rubuta shi.

Mantuwar ta yi wa masu balan-balan daɗi. Dokokin sama sun ba su fifikon hanya: tunda ba su da sitiyari, jirage ne za su kauce musu, sai fa jirgin da ke cikin halin gaggawa. A Amurka kuma, daga shekarun 1930 har zuwa 2023, ba a nemi takardar shaidar lafiya daga matuƙin balan-balan ba, ko da na kasuwanci ne. Abin da doka ta ɗora masa shi ne kada ya tashi idan ya san yana da larurar da za ta hana shi tuƙi lafiya. Shi ne majinyacin, shi ne likitan. A wancan zamani babu wanda ya ga aibin haka, domin masu tashi a kwando a duk ƙasar ba su taka kara sun karya ba.

Balan-balan mai tashi da iska mai zafi, irin wanda ake gani yau, sabon abu ne. Ranar 22 ga Oktoba, 1960, a Bruning ta jihar Nebraska, injiniya Ed Yost na kamfanin Raven ya tashi da jakar nailan da murhun gas na furofen, aikin da sashen bincike na rundunar ruwan Amurka ya ɗauki nauyinsa. Murhun ya warware matsalar da ta kayar da ƙirar Montgolfier tun farko: yanzu matuƙi na iya buɗe wuta ya hau, ya rufe ya sauko, a kan kuɗin da mai matsakaicin hali zai iya biya. A 1963 Yost da Don Piccard suka tsallake mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da irin wannan balan-balan. Bikin Albuquerque a jihar New Mexico ya fara a 1972 da balan-balan 13. A shekara ta 2000 sun haura 1,000.

A cikin wannan farfaɗowa aka kafa Tarayyar Masu Balan-balan ta Amurka, BFA, a shekarun 1960, da mazauni a Indianola ta jihar Iowa, garin da ya daɗe yana karɓar gasar ƙasa. Ingila ta samu tata ƙungiyar, BBAC, a 1965. Aikin irin waɗannan ƙungiyoyi ba ya da armashi a ido, amma ba a raina shi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, idan za ta yi sabuwar ƙa'ida sai ta wallafa daftari ta nemi ra'ayin jama'a, kuma ma'aikatanta, waɗanda suka taso a kan jirage, sau da yawa ba su taɓa tsayawa a kwando ba. Wani ne zai tunatar da su cewa balan-balan ba shi da janareto, don haka ba ya iya ɗaukar duk na'urorin da ake ɗora wa jirgi. Shi ya sa ƙa'idojin na'urar bayyana matsayi a sama, har da sabuwar da ta fara aiki a 2020, suka yi wa balan-balan sassauci. Wani ne kuma zai bayyana cewa matuƙin balan-balan da hawa da sauka yake juya akalarsa, yana neman tsayin da iska ke kaɗawa inda yake so. Ƙa'idar da ta ce kada a yi ƙasa da ƙafa 1,000 bisa gari mai cunkoso, ko a kusanci mutum ko gini da ƙasa da ƙafa 500 a karkara, an auna ta ne da gudun jirgi, kuma tsohon ƙorafi ne a wurin matuƙa. Ga tarurrukan horo kan kiyaye haɗari, ga sasanta tsakanin matuƙa da manoman da ake sauka a gonakinsu, jikokin Swan ke nan. A waɗannan fagage muryar ƙungiya ta gyara dokoki da dama da za su zama wauta in ba da ita ba.

Matsalar ta taso ne daga girman kwando. Wasan da ya fara da mutum biyu ko uku ya zama kasuwancin yawon buɗe ido, aka riƙa ƙera kwanduna masu ɗaukar mutum goma sha biyu, goma sha shida, har sama da ashirin. Ƙa'idar lasisi kuwa tana inda take. Don zama matuƙin balan-balan na kasuwanci a Amurka, awa 35 na tuƙi sun isa, 20 daga ciki a balan-balan, alhali matuƙin jirgin fasinja na buƙatar awa 1,500 a ƙa'ida. Kamfanin da ke yawo da 'yan buɗe ido a ƙaramin jirgi ko helikwafta sai ya karɓi takardar izini daga FAA, ya kuma yi wa matuƙansa gwajin ƙwayoyi. Mai kwandon da ya ninka helikwaftar fasinjoji ba a neman ko ɗaya daga gare shi.

Alamun gargaɗi sun zo daga nesa. A Janairun 2012 wani balan-balan ya taɓa wayoyin lantarki a Carterton ta New Zealand, mutum 11 suka mutu. Bincike ya gano tabar wiwi a jikin matuƙin, kuma takardar lafiyarsa ta riga ta ƙare aiki. A Fabrairun 2013 wani ya kama wuta a Luxor ta Masar, mutum 19 suka rasu. A Afrilun 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta rubuta wa FAA tana ba da shawarar a sa kamfanonin balan-balan su riƙa karɓar takardar izini kamar takwarorinsu, ta kuma yi kashedin cewa haɗari guda na iya cin rayuka masu yawa. NTSB shawara kawai take iya bayarwa, ba ta da ikon tilastawa. A ƙarshen 2015 FAA ta ƙi, bisa hujjar cewa zirga-zirgar balan-balan kaɗan ce, haɗarinta kaɗan ne, kuma masu hawa sun fahimci abin da suke shiga. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce tsohon ra'ayin zamanin Rolls, an ɗauko shi an ɗora wa ma'auratan da suka sayi tikiti ta intanet don murnar zagayowar ranar aurensu.

Da safiyar Asabar, 30 ga Yuli, 2016, wani balan-balan ɗauke da fasinjoji 15 ya tashi a tsakiyar jihar Texas. Hazo ya rufe ƙasa, gajimare ya sauko. Mai ba da bayanin yanayi ya faɗa wa matuƙin cewa gajimaren zai iya zama matsala, ya amsa cewa za su bi ta tsakaninsa. Ƙasa da awa guda bayan tashi, yana saukowa ta cikin gajimare kusa da garin Lockhart, balan-balan ya bugi manyan wayoyin lantarki. Kwandon ya rabu da jakar, ya kama wuta, ya faɗo. Babu wanda ya tsira daga cikin mutum 16. Shi ne haɗarin balan-balan mafi muni a tarihin Amurka, kuma a lokacin shi ne haɗarin sama mafi cin rai a ƙasar tun bayan faɗuwar jirgin fasinja kusa da Buffalo a 2009.

Abin da bincike ya tono ya fi yanayin safiyar tayar da hankali. Matuƙin yana fama da ciwon damuwa da larurar rashin tattara hankali. A jininsa an samu magunguna da dama da ake hana matuƙa tashi da su, ciki har da Valium da oksikodon, da maganin ƙaiƙayi mai sa barci da ake sayarwa da sunan Benadryl, wanda shi kaɗai masu binciken suka ce ya kai ya dusashe hankali kamar na direban da ya bugu. An sha kama shi da laifin tuƙin mota cikin maye a jihar Missouri, ya yi zaman kurkuku, kuma ba shi da lasisin mota mai aiki. Doka ta hana shi jan mota a titi, ta bar shi ya ɗauki mutum 15 sama.

A nan ake ganin abin da takardar shaidar lafiya take yi, wanda ya wuce auna hawan jini. Mai neman ta dole ya bayyana cututtukansa da magungunan da yake sha da duk wani hukuncin tuƙi cikin maye, ya kuma bai wa FAA izinin duba rajistar direbobi ta ƙasa. Ƙarya a takardar laifi ne na tarayya. Wanda aka keɓe daga neman ta, an keɓe shi daga duk waɗannan tambayoyi.

Amsar da yawancin matuƙa suka bayar ita ce wake ɗaya ne ya ɓata gari: mutumin da ya raina ƙa'idar gajimare da ta magunguna, waɗanda duk suna nan a rubuce, wace sabuwar ƙa'ida ce za ta tsayar da shi? Suka ƙara da cewa akasarin haɗurran balan-balan daga iska da saukar gaggawa da wayoyin lantarki suke, ba daga rashin lafiyar matuƙi ba. Dukkan maganganun biyu suna da nauyi. BFA ba ta tsaya ga musu ba. Tare da FAA ta tsara wani shiri na tantance kamfanoni, mai matakai uku, azurfa da zinariya da filatinam, wanda ya nemi matuƙan manyan kwanduna su mallaki takardar lafiya mai daraja ta biyu, su yi wata 18 da lasisin kasuwanci, a binciki tarihinsu na ƙwaya da barasa, su kuma halarci taron horo duk shekara. Shiri ne mai kyau a takarda, har ya fi abin da doka ta zo ta nema daga baya tsauri. Aibinsa guda ne: na ganin dama ne. An sanar da shi a Oktoban 2017, kwanaki kaɗan kafin NTSB ta zauna ta fitar da sakamakon bincikenta, kuma lokacin sanarwar bai ɓoyu ga kowa ba.

NTSB ta ɗora asalin laifin a kan jerin miyagun shawarwarin da matuƙin ya yanke, ta kuma lissafa cututtukansa da magungunansa, da manufar FAA ta rashin neman takardar lafiya, a matsayin abubuwan da suka taimaka. Shugabanta, Robert Sumwalt, ya soki FAA a fili kan miƙa aikin sa ido ga ƙungiya mai zaman kanta. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Ƙungiya tana da iko ne a kan wanda ya biya kuɗin shiga ya amince da sharuɗɗanta. Irin matuƙin da ake tsoro shi ne daidai wanda ba zai kawo kansa a tantance shi ba. Fasinja kuma ba ɗan ƙungiya ba ne, ba ya zaɓen shugabanninta, kuma yawanci sau ɗaya yake hawa kwando a rayuwarsa. Ba laifi ba ne ƙungiya ta kare 'ya'yanta, don haka aka kafa ta. Laifin na hukumar da ta ɗauki muryar masu sana'a a matsayin muryar duk wanda abin ya shafa.

Da FAA ta ci gaba da jan ƙafa, sai maganar ta fita daga hannun masana ta koma hannun 'yan siyasa. Sanata Ted Cruz na jam'iyyar Republican da ɗan majalisa Lloyd Doggett na Democrat, 'yan Texas biyu da ba kasafai suke haɗuwa a kan komai ba, suka tura batun, da goyon bayan iyalan waɗanda suka mutu. Aka saka shi a sashe na 318 na dokar sabunta ayyukan FAA, wadda aka sa wa hannu ranar 5 ga Oktoba, 2018, aka bai wa hukumar kwana 180 ta wajabta takardar lafiya mai daraja ta biyu a kan matuƙan balan-balan na kasuwanci. Kwana 180 suka zama shekara uku. A tsakani, ranar 26 ga Yuni, 2021, wani balan-balan ya bugi wayoyin lantarki a cikin Albuquerque kanta, mutum biyar suka mutu, aka kuma samu hodar ibilis da tabar wiwi a jikin matuƙin. Wata biyar bayan haka daftarin ƙa'idar ya fito.

Farashin jinkirin ya faɗo a kan matuƙan da ba su yi laifin komai ba. Shirin ƙungiyar ya ja layi ne bisa girman kwando, wanda shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da haɗari. Majalisa kuwa ta ja nata layin bisa karɓar kuɗi. Dattijon da ke ɗaukar mutum biyu a ƙarshen mako, ko wanda ke tashi da tallar wani shago a jikin jakarsa, ya shiga sahu ɗaya da mai kwandon mutum ashirin. Matuƙa da dama sun rubuta wa FAA suna neman a yi la'akari da yawan fasinjoji ko a karɓi gwajin lafiya mai sauƙi. Hukumar ta amsa cewa majalisa ta riga ta faɗi darajar takardar da take so, ba ta bar mata wurin ciniki ba. A 2014, lokacin da ƙofar tattaunawa take buɗe, da an iya samun ƙa'idar da aka auna daidai da sana'ar. Turai ta bi wannan hanya: masu balan-balan sun zauna da hukumar EASA, aka fitar musu da kundin ƙa'idoji nasu na daban a 2018, mai sauƙi ga ɗan wasa, mai tsauri ga kamfanin da ke ɗaukar fasinja.

An wallafa ƙa'idar ƙarshe ta Amurka a Nuwamban 2022, ta fara aiki a Mayun 2023, kusan shekara bakwai bayan safiyar Lockhart. Ta keɓe masu koyar da tuƙin balan-balan, waɗanda har yanzu ba a neman takardar daga gare su yayin koyarwa. Awa 35 na lasisin kasuwanci suna nan yadda suke, ko kwandon na mutum biyu ne ko na ashirin.